Yadda kurakuran Pokémon suka haifar da tseren da ba wanda ya shirya masa

A cikin wasan Pokémon Red akwai agogon da ke ƙirga lokacin da mutum ya ɓata yana bugawa, kuma in ya kai ƙarshe sai a nuna masa adadin. Yaron da ya sayi kaset ɗin a 1998 yakan kwashe fiye da awa 20 kafin ya ga wannan allo. A yau akwai masu isa wurin agogon yana nuna 0:00, ba su yi faɗa ko sau ɗaya ba, ba su ma fita daga garin farko ba. Ba su taɓa kaset ɗin da wata na'ura ba. Sun dai san inda ginin wasan ya tsage ne, sai suka bi ta wurin.

Wasan da aka cusa a ƙuntataccen wuri

Satoshi Tajiri ya tashi ne a Machida, gefen birnin Tokyo, yana yaro mai yawon kama ƙwari. Da Nintendo ya fito da na'urar Game Boy a 1989, Tajiri ya ga wayar da ke haɗa na'urori biyu, sai ya yi tunanin halittun da yara za su riƙa kamawa suna musaya ta cikinta. Ƙaramin kamfaninsa, Game Freak, ya shafe kusan shekara 6 yana fama da aikin, har kuɗi suka kusa yanke masa. Ranar 27 ga Fabrairu 1996 aka saki Red da Green a Japan. Amurka ta samu nata a Satumbar 1998, Turai kuma a 1999.

Ma'aikata kaɗan ne suka rubuta wasan, kuma wurin ajiyar bayanai a na'urar ƙarami ne ƙwarai, don haka aka riƙa ba wuri ɗaya aiki biyu. Ana gab da kammalawa, bayan an cire kayan gwaji, wani mai shirya manhaja, Shigeki Morimoto, ya ga ɗan gurbi ya saura, sai ya cusa halitta ta 151, wato Mew, ba tare da Nintendo ya sani ba.

Ɓarakar farko da ta yi suna ita ce MissingNo. A garin Viridian akwai wani tsoho da ke koya wa ɗan wasa yadda ake kama Pokémon. Don a nuna sunan tsohon a allo, wasan yakan ɗauke sunan ɗan wasa ya ajiye shi na ɗan lokaci a wurin da ake rubuta jerin halittun daji. In mutum ya tashi daga nan ya tafi tsibirin Cinnabar, ya bi gaɓar gabas a kan ruwa, babu sabon jerin da zai goge wancan. Sai wasan ya karanta haruffan sunansa a matsayin halittu, wata ɓatacciyar siffa ta bayyana, kayan da ke matsayi na 6 a jaka kuma su ƙaru da 128. Yara sun yaɗa wannan sirri a makarantu, har Nintendo ya fito ya yi gargaɗi a kai.

Daga Doom zuwa Twitch

Tseren kammala wasa ya girmi Pokémon. Wasan Doom na 1993 yana bari a naɗi abin da aka buga a ƙaramin fayil, sai 'yan wasa suka fara aika wa juna don a ga wa ya fi sauri. A 1998 aka kafa shafin Speed Demos Archive, wanda ya fara da wasan Quake kafin ya buɗe ƙofa ga sauran wasanni. A Janairun 2010 Mike Uyama da abokansa suka yi taron farko na abin da ya zama Games Done Quick, a ɗakin ƙasa na gidan mahaifiyarsa, suka tara kimanin dala 10,000 don agaji. Zuwa 2014 taro ɗaya ya haura dala miliyan 1.

Zuwan Twitch, dandalin kallon wasa kai tsaye, a 2011 ne ya sauya wa Pokémon rayuwa. Wasa ne da sa'a ke da babban rabo a cikinsa, kuma irin wannan ya fi daɗin kallo kai tsaye, inda ake ganin mutum yana kashewa yana sake kunnawa, yini guda bai wuce minti 10 na farko ba. A nan sunaye irin su Werster ɗan Ostireliya, da Exarion, da Gunnermaniac, da Pokeguy suka fito, suna karɓe kambun daga hannun juna.

Halitta ɗaya ta isa

Taken wasan shi ne a kama su duka. Masu tsere sun juya wa wannan baya. A rukunin da aka haramta amfani da kurakurai, mutum yakan zaɓi Squirtle a farko, sannan ya nufi Hanya ta 22 ya kama Nidoran namiji. A cikin kogon Dutsen Wata zai tsinci wani dutse da zai mayar da shi Nidoking tun wasan bai yi nisa ba. Daga nan wannan halitta ɗaya ce za ta ɗauki nauyin tafiyar har ƙarshe, sauran kuma aikinsu sare bishiya da ɗaukar mutum a sama.

Babban makaminsa shi ne Horn Drill, bugun da ke kashe abokin gaba nan take amma yawanci yana kuskurewa, don sau 3 cikin 10 kawai yake samu. Sai aka lura cewa wani magani da ake saye a kanti, X Accuracy, yana sa wasan ya daina duba ko bugu zai samu ko ba zai samu ba. Da shi ake share manyan gwanayen ƙarshe, kowace halitta da bugu ɗaya.

Akwai kuma dabarar jan layi. In ran halitta ya kusa ƙarewa, layin da ke nuna shi yakan koma ja, na'urar ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wannan ƙara tana danne kukan halittu da ɗan kiɗan ƙarin matsayi, waɗanda in ba haka ba sai an tsaya an jira su gama. Don haka gwani yakan bar Nidoking ɗinsa a bakin mutuwa da gangan, yana tsintar daƙiƙa ɗaya a nan, biyu a can, alhali bugu ɗaya zai iya rushe aikin awa guda. Ga shi kuma masu rubuta wasan sun yi kuskuren lissafi: ko bugun da aka ce ba ya kuskure yakan kuskure sau 1 cikin 256. Da irin waɗannan dabaru aka sauko da lokacin zuwa ƙasa da awa 1 da minti 50.

Ina iyakar halal take? An daɗe ana wannan muhawara. A hasumiyar garin Lavender akwai fatalwar da ya kamata a ce sai an ci wani sansani na 'yan ƙungiyar miyagu ta Team Rocket kafin a wuce ta, amma in aka jefa mata 'yar tsanar da ake saye a garin Celadon sai ta kauce. Jama'ar tseren suka amince da wannan, suka haramta wasu. Babu hukumar da ta sa dokar, su ne suke zama su yanke.

Ta bayan gida

A ɗaya rukunin babu haram. Mutum zai goge tsohon ajiya, ya fara sabon wasa, ya danna adanawa, ya kashe na'urar ana tsakiyar rubutu. In ya dace da lokacin, da ya kunna sai wasan ya ɗauka yana da halittu 255, alhali gurbi 6 aka tanada. Kamar ɗan tireda ne mai kanta shida da aka ce masa yana da ɗari biyu: in ya miƙa hannu zuwa ta bakwai, a shagon maƙwabci zai tsinci kansa. Musaya tsakanin waɗannan halittun na bogi tana jujjuya wasu bayanai, har a kai ga lambar da ke faɗin inda ƙofa za ta fitar da mutum. Sai a sauya ta, a fita, a faɗa zauren zakaru. Duka ba ya kai minti 2.

Daga nan abin ya wuce tsere. A 2012 Robert McIntyre ya nuna cewa ta hanyar jera kaya a jaka ana iya rubuta sabuwar manhaja a cikin Pokémon Yellow, na'urar kuma ta bi. A Janairun 2015, a dandalin Games Done Quick, wani ɗan mutum-mutumi mai suna TASBot ya yi amfani da maɓallai kawai ya ƙwace Pokémon Red, ya sa hirar masu kallo ta Twitch ta riƙa fitowa a allon wasan.

Ko sa'ar ma an ci ƙarfinta. Masu sha'awa sun warware rubutun wasan layi-layi suka baza a intanet, sai aka gane cewa Game Boy ba ta da ƙuri'a ta gaskiya, lissafi take yi daga lokacin da aka kunna ta. Wanda ya danna maɓallai iri ɗaya a daidai lokaci ɗaya, ya taka sawu iri ɗaya, zai haɗu da Nidoran ɗin da yake so. Jiran sa'a ya koma aikin hadda.

Shi ya sa sunan da ke saman jadawali ba ya faɗin duka labarin. Bayansa akwai wanda ya karanta manhajar, da wanda ya zana hanyar, da wanda ya gwada ta ya ga ba ta ɓullewa. Da Nintendo ya sake sakin wasannin a kan na'urar 3DS ranar 27 ga Fabrairu 2016, don cikarsu shekara 20, ya bar MissingNo da mafi yawan sauran kurakuran yadda suke. Da a ce an toshe su tun 1996, da wasan ya fi tsabta, amma da wuya a samu masu ci gaba da tono shi har yau don rage daƙiƙa biyu.