Matsugunin wucin gadi: yadda ake tsara shi, da abin da ke hana shi zama gida

Matsugunin wucin gadi shi ne ɗakin da ake kafa wa mutanen da yaƙi, ambaliya ko gobara ta raba da muhallinsu, kafin su koma garinsu ko a sama musu mazauni na dindindin. A takarda, zama ne na 'yan watanni. Amma sansanin Bakassi da ke Maiduguri ya yi fiye da shekara shida kafin gwamnatin Borno ta rufe shi a ƙarshen 2021, shi kuwa na Minawao a arewacin Kamaru, wanda aka buɗe wa 'yan Najeriya a 2013, an haifi yara a cikinsa har sun shiga makaranta. Tsawon zaman nan shi ne abu na farko da ya kamata mai tsara ɗakin ya lissafa, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi yana cikin kundin Sphere, wanda aka fara aikinsa a 1997 bayan darasin da aka koya a rikicin Ruwanda. Kundin ya ce kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi, ban da wurin girki da na wanka. Iyali mai mutum shida ke nan na buƙatar murabba'in mita 21. Tamfol ɗin da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke rabawa mita 4 ne da mita 5, wato 20 idan an shimfiɗa shi a ƙasa. Da zarar an ɗaga shi ya zama rufi, filin da yake rufewa ya ragu. A ƙasashe masu zafi ana so tsayin rufi ya kai mita 2.6 a ƙololuwarsa. Kada ban-ɗaki ya wuce nisan mita 50 daga ɗaki, kada kuma mutum fiye da 20 su haɗu a kan guda.

Akwai kuma lissafin gobara: tazarar mita biyu aƙalla tsakanin ɗaki da ɗaki, da fili na mita 30 bayan kowace mita 300 ta gine-gine. Duk wanda ke bin labaran sansanonin Monguno da Ngala a lokacin hunturu ya san abin da ke faruwa idan cunkoso ya cinye wannan tazarar. Murhu ɗaya da iskar hunturu sun isa su lashe layi guda.

Tamfol yana da arha, yana da sauƙin ɗauka, kuma a makon farko na gudun hijira babu kamarsa. Matsalarsa rana ce. A Maiduguri zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ɗakin tamfol kuma ya koma tanda tun kafin azahar, ga shi ranar tana cin jikinsa har ya fara yagewa. Maganin da mazauna sansani suka gano da kansu shi ne a ɗora zana ko ciyawa a sama, a bar 'yar tazara tsakani domin iska ta ratsa. Sai a ɗaga daɓe ya fi ƙasar waje tudu, a haƙa magudanar ruwa kewaye, a shafa wa gindin katako maganin gara. Maginan gargajiya sun daɗe da sanin cewa hadari daga gabas yake tasowa, don haka ba a son ƙofa ta kalli can. Sakata a ƙofa da labule ko zana mai raba ɗaki biyu ba ado ba ne: ga mace mai kwana da 'ya'yanta ba namiji a gidan, su ne tsaro, su ne sutura.

Batun itace ya fi yadda ake zato girma. A Ruwanda bayan 1994, an raba tamfol, mutane suka shiga sare bishiyoyi domin kafa shi. Da aka ba su sandunan alminiyom, sai suka sayar saboda suna da daraja a kasuwa, suka koma daji. Shigeru Ban, masanin zanen gine-gine ɗan Japan, ya kawo shawarar sandunan takarda mai kauri, aka gwada guda 50 a sansanin Byumba a 1999. A Minawao ma dajin da ke kewaye ya ƙare, sai da aka koma dashen itatuwa. Jamhuriyar Nijar tana da amsa ta kusa: tun wajen 1980 ake koyar da ginin da ba ya cin itace, inda bango da rufi duka na tubalin ƙasa ne, rufin a lanƙwashe kamar tulluwa, babu azara babu kwano.

An kuma gwada ɗakin da ake ƙerawa a masana'anta. Better Shelter, wanda gidauniyar IKEA ta tallafa wa, yana da murabba'in mita 17.5, da ƙofa mai kulle da fitilar sola, an kuma tsara shi ya yi shekara uku. A 2015 birnin Zurich na Suwizalan ya fasa amfani da shi bayan gwajin gobara, sai da aka sake fasalinsa. Ko ba wannan ba, abin da aka shigo da shi cikin kwali daga Turai, idan ya lalace a Dikwa, ba kafintan da zai samu kayan gyaransa a kasuwa. Bangon laka kuwa, mai ɗakin ne ke yaɓe shi kafin damina, kuɗin aikin kuma a hannun matasan garin yake tsayawa.

To, in laka ta fi sanyi, ta fi arha, ta fi daɗewa, me ya sa ake ta sabunta tamfol shekara bayan shekara? Amsar tana ga ƙasa. Mai fili kan yarda a kafa rumfa, amma ba ya yarda a ɗora tubali, domin bango alama ce ta zama. Hukuma ma haka: ɗaki mai ƙwari tamkar amincewa ne cewa mutanen nan ba yau za su koma ba, alhali a siyasance ana so a ce zaman lafiya ya dawo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka ikon bai wa mai gudun hijira fili da takardar da za ta hana a tashe shi yana wurinsa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnatoci nauyin samar da matsuguni ga waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu. Nijar ce ta fara mayar da ita dokar ƙasa a Afirka, a 2018.

A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Cikin wuraren da aka kwashe mutane zuwa har da Bakassi, sansanin da aka rufe kusan shekara uku kafin nan.