Daga fam da sule zuwa manhajar waya: yadda rasidi ya yi ta sauya kama a ƙasar Mafara

Rasidin da kakanninmu suka sani a Talata Mafara da Bakura da Maradun gida uku gare shi na kuɗi: fam, sule, kwabo. Sule 20 ke yin fam, kwabo 12 ke yin sule, kuma malamin haraji na En'e da ka yake wannan lissafi. Kafin wannan rasidi ma an sauya hannun rubutu sau ɗaya, lokacin da Turawa suka ture ajami daga ofis suka kawo boko, har aka ƙirƙiro ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa a shekarun 1930.

Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta shigo, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Gida uku ya koma biyu. Wannan sauyi bai yi ciwo ba, domin lissafi ne zalla.

Wanda ya yi ciwo shi ne na Bakolori. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka baje gonaki domin noman rani, itatuwa da alamomin iyaka suka tafi. Daga nan gona ta koma lamba a rajista. Rajista kuwa suna ɗaya take so a gaban kowace lamba, alhali gona a wurinmu tana iya zama ta gado da ba a raba ba, ko ta aro, ko jingina. Wa za a rubuta, mai ita ko mai nomanta? Rikicin diyya da rabon filaye ya yi ta ruruwa har Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Ba takarda ce ta harbi kowa ba, amma na yi imani takardar da ba ta da gurbin gaskiyar mutane tana cikin abin da ya hura wutar.

Ni aikina rubuta manhaja ne ga 'yan kasuwa, galibi masu shinkafa da taki, kuma sauyin da ya faɗo a zamanina na harshen kwamfuta ne. Tsofaffin manhajojin kanti da yawa da FoxPro ko Visual Basic 6 aka rubuta su. Microsoft ya sanar a 2007 cewa ba zai sake fitar da sabon FoxPro ba, a 2008 kuma ya janye tallafi daga Visual Basic 6. Dole aka fara kwashe kaya zuwa PHP da JavaScript da manhajar Android.

Mayar da lissafi daga wani harshe zuwa wani ba shi da wuya. Wahalar tana cikin fom ɗin. Tsohon da aka shekara ana yi wa kwaskwarima yana da gurbin buhu da tiya, da la'adar dillali, da bashin da sai kaka za a biya, da laƙabin da aka san mutum da shi a kasuwar ranar Talata. Sabon da ake saukewa daga intanet kilo ya sani, da "sunan iyali", da ranar biya ƙayyadajjiya, wani ma wata yake sa wa gaba da rana irin na Amurka. Idan ba a daidaita rumbun bayanai da Unicode ba, Ɗanjuma sai ya fito da alamar tambaya a farkon sunansa. Saboda haka ba na taɓa fom sai na zauna da yaron kanti na ga abin da yake rubutawa a gefen takarda, don nan ne yake ajiye abin da fom ya ƙi karɓa.

Akwai kuma gurbin da ba a gani. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, duk manhajar da sai da intanet take buɗewa ta tsaya cik. Masu tsohuwar kwamfuta da FoxPro suka ci gaba da yanka rasidi. Tun daga lokacin, duk fom ɗin da na gina sai ya fara ajiye bayani a cikin wayar, in layi ya dawo ya tura.