Daga Mazari Zuwa Kwarashi: Tarihin Zare a Ƙasar Gure

Kai mai karatu, ko ke mai karatu, dubi tufar da ke jikinka. Ka san wanda ya kaɗa zarenta? Ba ka sani ba, ni ma ban san na tawa ba. Amma da mutumin Gure na zamanin kakannin kakanninmu aka yi wa wannan tambaya, da nan take ya ba da amsa. Sai ya ce uwata ce, ko matata, ko tsohuwar gidan maƙwabcinmu.

Ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. A ajinmu na yaƙi da jahilci na mata, in ɗari ya shigo, ɗalibai sukan zo da saƙarsu. Kafin a fara karatu sai ka gan su zaune bisa tabarma, kowace da kwarashi da dunƙulen ulu, wannan na hular jariri, waccan na safa, ana hira ana dariya. Wata rana wata tsohuwa da ke rako jikarta ta zo da wani ƙunshi, ta kwance, sai ga mazari da ɗan curin auduga. Ta ce, "Malama, cikin ɗiyan nan naki wa ta iya wannan?" Aka yi tsit. Babu ko ɗaya, har da ni. Na ce, "Iya, sai ki koya mana." Ta ce, "Da wannan na aurar da ɗiya uku."

Tun daga ranar na shiga tambayar tsofaffi da binciken littattafai. Ga abin da na samo.

Yadda ake kaɗi

Bari mu fara da aikin kansa, don yaran yanzu da yawa ba su taɓa gani ba. In an ciro auduga, wadda waɗansu ke kira kaɗa, sai a yi gurza. Ana ɗora ta bisa magurji, a murza da ɗan ƙarfe, angurya ta fita gefe. Angurya ba a zubar da ita, iri ce kuma abincin dabbobi ce. Daga nan sai shiɓa. Ana sa ɗan baka, a riƙa tsinkar tsirkiyarsa cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Sa'an nan mai kaɗi ta riƙe audugar a hannun hagu, ta murza mazari da hannun dama. A gindin mazari akwai gululu na yumɓu, shi ke ba shi nauyi ya daɗe yana juyawa. Tana shafa alli a yatsu don kada su yi santsi.

Zaren iri biyu ne. Akwai siriri mai ƙarfi, shi ake kira zare, shi ne ke tsaye a masaƙa. Akwai mai kauri mai laushi, shi ne abawa, wanda ƙoshiya ke ratsawa da shi. Masaƙi namiji yana saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, a yanka, a haɗa, a ɗinka riga ko zane ko gwado. To, ka lura da abu guda. Masaƙi ɗaya yana cinye zaren mata da yawa, domin saƙa ta fi kaɗi sauri nesa ba kusa ba. Saboda haka duk inda ka ji an ce gari ya yi suna wajen tufafi, ka tabbata akwai ɗaruruwan mata a bayan darni suna murza mazari.

Lokacin da zare yake kuɗi

Wannan sana'a ta daɗe a ƙasashen tafkin Cadi. Wani malamin Larabawa, al-Umari, wanda ya rasu a shekara ta 1349, ya rubuta cewa mutanen Kanem da ƙyallen da suke saƙawa suke ciniki. Ya ce sunansa dandi, tsawon kowane ɗaya kamu 10, ana yankar gwargwadon abin da za a saya. Ka ga ke nan shekaru fiye da 600 da suka wuce, saƙa ita ce kuɗin mutane.

Gure ita ce mazaunin Muniyoma, sarkin ƙasar Muniyo, kuma a ƙarni na 19 Muniyo tana bin Barno. Wani matafiyi Bajamushe, Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zauna a Kukawa, babban birnin Barno na lokacin. Ya tarar ana ciniki da gabaga, wato ƙyallen auduga siriri, wuri kuwa bai daɗe da shigowa kasuwar ba. Ya rubuta lissafin yadda ya same shi: wuri 8 gabaga 1, gabaga 4 kuma ratal 1. A ƙarshen shekara ta 1852 Bart ya bi ta Gure a kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, zamanin Muniyoma Koso.

Tsaya ka yi tunani a kan wannan. In gabaga kuɗi ce, to macen da ke kaɗi a tsakar gidanta tana daga cikin masu ƙera kuɗin ƙasa. Da abin da ya fito daga mazarinta ake sayen hatsi, a biya haraji, a yi sadaki.

Ta yamma kuma akwai Kano. Bart ya shiga Kano a farkon shekara ta 1851. Ya kimanta cewa tufafin da Kano ke sayarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma kayan raƙumi 300 ne ke tafiya Tambutu kaɗai. Garin Kura na ƙasar Kano ya yi suna da turkuɗi, baƙin rawani mai sheƙi da Abzinawa ke so. Ƙasarmu tana cikin wannan ciniki. Kanwa da gishirin mangul na ƙasar Manga da Muniyo suna tafiya kudu da yamma bisa jakuna da takarkarai, fatake su komo da rini da tufafi.

Zaman kaɗi

Littattafan matafiya sun ƙidaya raƙuma da wuri, amma ba su shiga cikin gida ba. Wannan ɓangaren sai a bakin tsofaffi. Iya ta ce mana mace ba ta cika yin kaɗi ita kaɗai ba. In an gama aikin gona, an ci tuwon dare, sai matan unguwa su taru a ɗakin wata tsohuwa, a kunna fitila guda, kowace ta zo da mazarinta. Fitila ɗaya ta ishi mutum shida, ka ga an yi tattalin mai. Nan ake tatsuniya, yara na gefe suna saurare har barci ya kwashe su. Nan amarya ke jin yadda ake zama da dangin miji. Nan ake sanin wadda ba ta da lafiya, da wadda hatsinta ya ƙare tana jin kunyar faɗi.

Kuɗin zare na mace ne, miji ba ya taɓawa. Da shi take zuba adashi, ta sayi akuya, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki. In bikin ɗiyar wata ya matso, ƙawaye sukan taya ta kaɗi, ranar tasu ita ma ta rama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsohuwa kuma takan kaɗa zaren likkafaninta da hannunta, ta kai a saƙa, ta ajiye.

Abin da ya karya mazari

Abin da ya karya wannan sana'a daga nesa ya taso. A Ingila, wajen shekara ta 1764, wani masaƙi mai suna Hargiribs ya ƙera na'ura mai kaɗa zare da yawa a lokaci guda. A 1771 Arkrait ya kafa masana'antar kaɗi mai aiki da ƙarfin ruwa. Matan Ingila masu kaɗi su ne suka fara rasa abin yi, kafin abin ya iso gare mu.

Faransawa sun shiga Damagaram a 1899. Sannu a hankali haraji ya koma na kuɗin Nasara, wuri da gabaga suka fita daga kasuwa. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Daga nan akoko da alawayyo da atamfa suka riƙa shigowa da arha, auduga kuwa ta riƙa fita ɗanya zuwa masana'antun Turai. Manoma da yawa a ƙasar Damagaram suka koma noman gyaɗa don ita ke kawo kuɗin haraji. A 1957 aka buɗe babbar masaƙa ta zamani a Kaduna. Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ma ta kafa tata a Yamai, wadda daga baya aka sani da sunan SONITEXTIL. Sai ga farin 1973 da na 1984. Ruwa ya ja baya, rairayi ya matso wa kwaruruka, ɗan abin da ake nomawa na auduga a gefen gona ya ragu ƙwarai.

Kada mu ɓoye gaskiya. Yadin kanti ya sauƙaƙa wa talaka sutura. Mutumin da a dā yake da riga ɗaya ya sami uku. Mata kuma sun huta da wani aiki mai cin ido da baya. Amma kuɗin da ke shiga hannun mace daga mazari ya tafi, kuma ba kowace ce ta sami madadinsa ba. Su ma manyan masaƙun daga baya sun sha kashi a hannun gwanjo da yadin ƙasashen Asiya. Yawancin na Kaduna sun rufe a shekarun 2000.

Shigowar kwarashi

Saƙar hannu da allura biyu ko da kwarashi ta hanyar makaranta ta shigo mana. An koyar da ita a makarantun ƴan mata da gidajen koya wa mata sana'a, tare da ɗinki da renon yara. Shi ya sa mutane ke ɗaukarta aikin Nasara. Amma ga abin mamaki: mafi daɗewar kayan saƙar allura da masu bincike suka samu, safa ce ta auduga daga ƙasar Masar, wadda aka saƙa shekaru 700 zuwa 1,000 da suka wuce. Ashe a nahiyarmu aka fara ganinta.

Ta kuwa sami karɓuwa a nan don tana da amfani. Kowa ya san ɗarin Gure in iskar hunturu ta taso daga Sahara cikin watan Disamba da Janairu. Jariri yana bukatar hula da safa da rigar sanyi. Macen da ta iya tana yi wa nata, ta yi na barka, ta sayar da saura. Sai dai zaren da muke kira ulu, yawancinsa bai taɓa jikin tunkiya ba. Daga sinadarin man fetur ake yinsa a masana'anta, kuma daga waje yake zuwa. Kakanninmu su ke yin zaren su sayar. Mu saye muke yi.

Abin da bai mutu ba shi ne zaman. Dubi tabarmar ajinmu. Waccan tana nuna wa wannan yadda ake rage ido a kan hula. Wata ta ara wa ƙawarta kwarashi. Ana zuba adashi, ana jajanta wa mai majinyaci. Zaman ɗakin tsohuwa ne ya sake kaya. Har karatu yana cin moriyarsa, domin saƙa ƙidaya ce. Wata ɗalibata da lissafi ke ba wuya, ranar da na ce ta rubuta yawan idon da ta ɗora a kowane layi na hular ɗanta, ranar ta gane amfanin lambobi. Yanzu tana da ɗan littafi, tana rubuta kuɗin ulu da kuɗin da ta sayar, ta fitar da ribarta da kanta.

Abin da ya rage gare mu

Ba na ce maka mazari zai kori masana'anta ba. Wannan zamani ya wuce. Amma a Indiya, Gandi ya sa mutanensa suka koma kaɗi a shekarun 1920 don su nuna za su iya tufatar da kansu, kuma har yau ana saƙa irin wannan yadi ana sayarwa a can. Abin da mutane suka riƙe da daraja ba ya ɓata.

Namu yana gab da ɓata. Masu iya kaɗi a unguwanninmu tsofaffi ne, kuma aikin hannu in mai shi ta tafi da shi kabari, littafi ba ya maido shi daidai. Ga roƙona gare ka. In akwai tsohuwa mai mazari a gidanku, zauna kusa da ita. Ka iya rubutu yanzu, to rubuta sunayen kayan aikin, da Hausa ko da Barbarci, yadda ta faɗe su. Tambaye ta wa ya koya mata, ina ake samun audugar, nawa ake sayar da zaren. In kana da wuri mai ɗan laima a bayan ɗaki, shuka auduga gindi biyu ko uku. Ke kuma mai kwarashi, ranar zamanku na saƙa ki gayyato ta, a ba ta wuri a tabarma.

Mu a ajinmu haka muka yi. Ran Alhamis, bayan karatu, Iya ce malama. Ranar farko da na murza mazari, zaren ya tsinke sau biyar, ɗalibaina suna ta dariya. Iya ta karɓa, ta haɗa bakin zaren da audugar, ta murza sau ɗaya, ya kama kamar bai taɓa tsinkewa ba. Ta miƙo mini ta ce, "Ɗiyata, sake. Ni ma haka na fara." Yanzu mutum huɗu cikinmu suna fitar da abawa mai kyau, kuma hular farko da aka saƙa da ita tana kan jikan Iya.

Allah ya ja kwanan tsofaffinmu, ya ba mu ikon karɓar abin da ke hannunsu tun suna raye.