Aro da Mayarwa: Tarihin Buɗe Fayil da Rufe Shi a Kwamfuta

Maganarmu ta yau a kan aro take. Duk sa'ad da manhaja za ta karanta fayil, sai ta roƙi tsarin da ke gudanar da kwamfutar ya buɗe mata hanya, watau magudanar da bayanai za su kwararo ta cikinta. Wannan magudana aro ce, adadinta kuwa ƙayyadadde ne. In ana ta buɗewa ba a rufewa, sai a wayi gari babu sauran ta bayarwa, aiki ya tsaya cik.

A shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma gina tsarin Unix a Bell Labs ta Amurka. A bugunsa na bakwai, na 1979, manhaja ba ta iya riƙe fayil fiye da 20 a buɗe a lokaci guda. Harshen C, wanda Ritchie ya ƙirƙiro wajen 1972, ya ɗora nauyin rufewa a wuyan marubucin manhaja. To amma in kuskure ya auku ana tsakiyar karatu, sau da yawa akan tsallake umarnin rufewar.

Tun wajen 1959 John McCarthy ya fito da dabarar da kwamfuta ke share ƙwaƙwalwarta da kanta, a harshen Lisp. Sai dai sharar ba ta da ƙayyadadden lokaci, fayil kuwa yana bukatar rufewa nan take. Saboda haka Bjarne Stroustrup, a harshen C++ na shekarun 1980, ya ɗaure aron da rayuwar abin da ya karɓe shi: da zarar aikinsa ya ƙare, fayil ya rufu, ko da kuskure ko babu. Python ta kawo nata tsarin a 2006, Java kuma a 2011.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. A Janairun 2004 na'urar Spirit ta hukumar NASA, tana kan duniyar Maris, ta shiga kashe kanta tana kunnawa ba ƙaƙƙautawa, domin fayilolin da suka taru sun cinye mata ƙwaƙwalwa. Sai da injiniyoyi suka share su daga nan duniya sannan ta koma bakin aiki.

Ma'aikacin da ya san ɓarnar fayil ɗin da ya fita daga rajista bai dawo ba, ya riga ya fahimci darasin: kada a dogara ga tunawar mutum, a gina mayarwa a cikin tsarin kansa.