Agatha Christie da kisan cikin jirgin ƙasa

A shekarar 1934 ne marubuciyar nan 'yar Ingila, Agatha Christie, ta wallafa littafin Murder on the Orient Express, ɗaya daga cikin fitattun ƙagaggun labaran binciken kisan kai.

Labarin dai na wani jirgin ƙasa ne da ya taso daga Istanbul, dusar ƙanƙara ta tare shi a Yugoslabiya. Da gari ya waye sai aka tarar da gawar wani fasinja da sukan wuƙa 12 a jikinsa.

Mai bincike Hercule Poirot ya gano cewa mamacin ya taɓa sace wata yarinya a Amurka ya kashe ta, ya kuma tsere wa hukunci. Mutane 12 masu alaƙa da iyalinta ne suka haɗa baki, kowa ya daɓa masa wuƙa sau ɗaya.

Armashin littafin yana ƙarshensa, inda Poirot ya bari aka shaida wa 'yan sanda cewa wani baƙo ne ya yi kisan ya gudu. Christie ta bar mai karatu da hukunta ko ramuwar ta halatta tun da kotu ta gaza.

Marubucin Amurka Raymond Chandler ya soki labarin a 1944, yana ganin hankali ba zai ɗauka ba. Sukar tana da tushe, amma ba ta rage masa farin jini ba: a fim ɗin da Sidney Lumet ya shirya a 1974, Ingrid Bergman ta lashe kyautar Oscar.