Barkwanci ko Raini? Kallon Birni ga Mutanen Bakin Iyaka, daga Sikotilan zuwa Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk inda cibiya guda ta tattare mulki da kasuwa da harshen rubutu a hannunta, akan samu wani yanki a gefenta da ake yi wa mutanensa kuɗin goro. Turawan Ingila sun daɗe suna siffanta mutanen Sikotilan da rowa da talauci da gurɓataccen lafazi. A nan gida, mutumin Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar, wato ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, ya saba jin kalmomi biyu idan ya shiga manyan birane: "baƙauye" da "ɗan Nijar". Da'awar wannan maƙala ita ce, irin wannan kallo tarihin mulki da shata iyaka ne suka haife shi, halin mutanen bai da hannu a ciki. Saboda haka sanya shi a sahun wasan barkwanci kuskure ne, domin bai cika sharuɗɗan wasan ba.

Darasi daga Birtaniya

Ingila da Sikotilan sun haɗe ƙarƙashin majalisa ɗaya a 1707, aka bar kujerar mulki a Landan. Ƙyamar 'yan arewacin tsibirin ta fi tsanani ne a lokacin da suka fara samun gindin zama a gwamnati da kasuwanci. Da Lord Bute, mutumin Sikotilan, ya zama firayim minista a 1762, sai John Wilkes ya kafa jaridar The North Briton yana yi masa ruwan zagi shi da danginsa, yana nuna su a matsayin mayunwatan baƙi da suka zo cinye muƙamai. Kafin nan, Samuel Johnson ya fake da bayanin ma'anar wani hatsi a ƙamusunsa na 1755 ya yi musu shaguɓe kan abincinsu.

Abin lura shi ne yadda rainin ya shiga zukatan waɗanda ake rainawa. A 1761 manyan Edinbara, babban birnin Sikotilan, suka riƙa cika zaure don sauraron Thomas Sheridan yana koya musu furta Turanci irin na Landan, kuma masanin falsafa David Hume da kansa ya tsara jerin kalmomin garinsu da ya kamata marubuci ya guje wa. Wannan fa zamanin da Hume da Adam Smith da James Watt ke sauya tunanin Turai ke nan. Ashe ilimi da hazaƙa ba su isa su wanke mutum daga tambarin da cibiya ta buga masa ba.

Tufafinsu ma sun ga sauyi. An haramta kayan gargajiyar mutanen tsaunuka a 1746 bayan murƙushe tawayensu, aka ɗage haramcin a 1782, sannan a 1822 Sarki George na Huɗu ya sa su da kansa a Edinbara. Abin da aka hana sa'ad da ake tsoron masu shi ya koma ado bayan an daina tsoronsu. Wato siffar da cibiya ke bai wa gefe takan canza gwargwadon buƙatar cibiyar.

Yadda Gumel ta koma "gefe"

Masarautar Gumel ta Mangawa ce, an kafa ta wajen tsakiyar ƙarni na 18, ta kuma yi biyayya ga Barno. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai ci ta ba, ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. Tun daga nan ta fita daban da maƙwabtanta Kano da Haɗeja da Kazaure, waɗanda suka karɓi tuta. Ta yi yaƙe-yaƙe da Haɗeja, ta sha hare-haren Damagaram, har ƙasar ta yi ƙarancin jama'a a ƙarshen ƙarni na 19.

Amma ko kusa ba lungu ba ce. Da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta a 1851, ya tarar da kasuwa cike maƙil, cinikin kanwa na gudana tsakanin ƙasashen Barno da yamma. Gumel ƙofa ce a lokacin, inda fatake masu fitowa daga Kano ke shiga ƙasar Shehun Barno.

Abubuwa uku suka juya wannan matsayi. Na farko, bayan Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, an saka masarautar cikin lardin Kano, ta koma ƙaramar ƙanwa a gidan da ba nata ba. Na biyu, yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun ja layi tsakanin Gumel da Damagaram, suka raba dangi da gonaki da hanyoyin fatauci. Na uku, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930 ta Gagarawa, tattalin arziki ya karkata ga gyaɗa. Manomin ƙasar Lautai, wato Gumel, ya noma, dalar gyaɗa da ribarta suka tashi a Kano. Aka kuma gina daidaitacciyar Hausa bisa karin Kananci, don haka duk lafazin da ya kauce masa sai a ji shi kamar kuskure. Ko da aka ƙirƙiri jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, hedikwata Dutse ta tafi, a kudu.

Wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa "ƙauyancin" da ake jingina wa yankin sakamakon shawarwari ne da aka yanke a Landan da Faris da Kaduna da Legas. An ɗauke wa gari hanya da kasuwa, sannan aka dawo ana yi masa dariyar rashinsu.

Ina bambancinsa da barkwanci?

Mai musu zai ce ai Bahaushe ya gaji tsokana. Kanawa na wasa da Zage-zagi, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Barebari, kuma hukumar UNESCO ta sanya irin wannan al'ada ta ƙasar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Zai ƙara da cewa mutumin Gumel ma ba kanwar lasa ba ne, yana da labaransa kan wayon Bakano da son kuɗinsa. Wannan gaskiya ne, kuma mafi yawan tsokanar da ake yi a tasha da majalisar shayi ba ta wuce nan.

Sai dai barkwanci yana da sharuɗɗa. Ɓangarorin biyu sun amince da shi, kowa na da ikon ramawa nan take, kuma wasan yana ƙarewa inda haƙƙi ya fara: abokin wasanka shi ne mai rufa maka asiri ranar wuya. Kalmar "ɗan Nijar" ba ta cika ko ɗaya daga ciki ba idan ta fito daga bakin mai riƙe da hatimi. Wanda ake tuhumar asalinsa a shingen bincike, ko wajen neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ba shi da bakin ramawa. Najeriya ta ga inda wannan tuhuma ke kaiwa a 1980, lokacin da gwamnatin tarayya ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Barno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa.

Haka nan idan tunanin cewa bakin iyaka matattarar 'yan fasa-ƙwauri ce ya zauna a kan masu tsara manufa, sai a rufe iyaka ba tare da lissafin masu ci daga gare ta ba. An rufe a Agustan 2019, Maigatari na cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe a Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. A kowane karo, dillalan kasuwar dabbobi ta Maigatari da masu lodi da masu sayar da abinci ne suka fara ji a jikinsu, kuma naman da ake ci a birane da yawa daga wannan kara yake fitowa.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa rainin hawa-hawa ne. Ɗan cikin garin Gumel da aka kira baƙauye a Kano yakan juyo ya kira na ƙauyukan Sule Tankarkar da sunan, shi kuma ya sauke a kan ɗan ci-rani ko Buzun da ya tsallako daga arewa. Kowa na miƙa wa na ƙasa da shi abin da aka miƙo masa daga sama, wanda ke ƙara nuna cewa matsayi ne ake aunawa.

Kammalawa

Amsar da aka fi bayarwa ita ce jero sunayen farfesoshi da manyan ma'aikata da yankin ya haifa. Wannan amsa ta yarda da ma'aunin mai rainin, domin tana nufin makiyayi da manomin gero ba su cancanci mutunci ba sai wani nasu ya yi digiri. Aikin da ya fi amfani yana hannun malamai, musamman na Kwalejin Ilimi ta Gumel da jami'o'in Dutse da Kafin Hausa: a rubuta tarihin Mangawa da dangantakarsu da Barno da Damagaram cikin Hausa, a naɗi karin harshen yankin a nazarce shi a matsayin kari mai ƙa'idojinsa, a shigar da shi cikin abin da ake koya wa ɗalibai. Jami'an da ake turowa bakin iyaka su ma suna buƙatar sanin cewa samun dangi a Magarya ko Damagaram da ke Nijar ba ya rage wa kowa zamansa ɗan Najeriya. Tsokana kuwa a ci gaba da yi, matuƙar wanda aka tsokana yana da damar ramawa, kuma ba za ta bi shi ofis ta hana shi haƙƙinsa ba.