Babban harafi a Turanci: yadda kalmar "Black" ta sauya matsayi

A ƙa'idar rubutun Turanci, babban harafi yana zuwa a farkon jimla da kuma a kan sunan yanka, wato sunan da ya keɓanta ga mutum, wuri, ƙabila ko harshe. Shi ya sa ake rubuta Kano, Fulani da Nigerian da babban harafi, haka ma ranakun mako da watanni. Launi kuwa siffa ce, ƙaramin harafi take ɗauka. Da wannan hujja jaridun Amurka suka daɗe suna rubuta "black" da ƙaramin harafi, ko da al'umma ake nufi, alhali Asian da Latino suna da babba.

Ranar 19 ga Yunin 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd a Minneapolis, kamfanin dillancin labarai na AP ya sanar cewa zai riƙa rubuta "Black" idan ana maganar jinsi ko al'ada. Kundin salon rubutu na AP shi ne madogarar ɗakunan labarai da dama, don haka sauyin ya bazu da sauri. New York Times ta bi sahu kafin watan ya ƙare.

Gardamar ta girmi wannan zamani. Tun a shekarun 1920 W.E.B. Du Bois ya riƙa aika wa jaridu wasiƙu yana neman a rubuta "Negro" da babban harafi, kuma New York Times ta amince a 1930.

Inda aka rabu shi ne kan "white". A Yulin 2020 AP ya bar ta da ƙaramin harafi, bisa dalilin cewa fararen fata ba su da tarihi da al'ada guda, sannan masu aƙidar fifita farar fata ne suka saba girmama harafin. Washington Post ta zaɓi "White" da "Black" duka.

Hujjar AP tana da rauni ta fuskar Afirka. Ƙa'idar ta haɗa har da mazauna nahiyar, alhali Bakano da mutumin Jamaika ba al'ada ɗaya suke bi ba, kuma a Najeriya da ƙabila ko gari mutum yake bayyana kansa, ba da launin fata ba. Ta fi dacewa da Amurka, inda cinikin bayi ya raba miliyoyin mutane da sunayen ƙabilunsu, har launi ya zame musu suna.